Kwana Casa'in a Bakin Titi

A shagon aski Rogelio Cavazos ya yi karatunsa na shari'a, kuma ilimin shagon aski, kowa ya sani, rabinsa gaskiya ne rabinsa kumfar sabulu. Can aka gaya masa gwamnati za ta mayar da titin da ya ratsa garinmu San Gervasio babbar hanyar tarayya, irin wadda ba a hawanta sai ta gada, babu fitilar tsayawa, babu ƙofar gidan kowa a bakinta. Duk gidan da aikin ya ci za a biya. Sai dai, in ji mai askin, kangon da babu kowa kuɗin katako da ƙasa kawai ake ba shi. Gidan da aka tarar da mutum a ciki kuwa, ya yi kwana casa'in yana kwana yana tashi kafin a kawo takardar saye, akwai wani kuɗin tashi mai kauri da ake ɗorawa a kai.

Gida dai Rogelio yana da shi, tsohon gidan kakansa da shi da dangi suka gada, mil goma sha ɗaya arewa da gari, inda a da ake kasa kankana a bakin titi. Mutumin ne babu. Ya dawo da sabon askinsa yana wannan tunani, ya shiga kicin, ya tarar da ƙanwar mahaifinsa tana murza tortiya, wato gurasar masara. Ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

Tía Eufemia, wato Gwaggo Eufemia, tana da shekara saba'in da huɗu, ba ta taɓa aure ba. Ita ta raine shi, ita ta raini 'ya'yansa uku, kuma na ƙarshen bai fi wata guda da barin gida ba.

"Tía, kin rame fa. Hayaniyar garin nan ce. Iskar gona kike bukata."

"Ni na rame? Shekaranjiya matarka ta ce ni na lotsar da kujerar falo."

"Wasa take yi. Saurare ni, kwana casa'in ne kawai. Ki je gidan Kaka ki zauna, ki shuka barkono, ki huta. Da sun kawo takarda ni da kaina zan zo in ɗauko ki."

"In aike ne ka ce aike ne, ɗana. Bar maganar iska."

Ya yi dariya, ya rungume ta, ya ce shi ya sa babu kamarta a dangi. Ita kuwa ta yarda, don tun yana rarrafe ba ta taɓa iya ce masa a'a ba, kuma a ganinta wata uku ba wani abu ba ne.

Ranar Asabar aka loda gadonta da akwatinta da allurar ciwon sukarinta a bayan a-kori-kura. Noemí, matar Rogelio, ta rako ta har bakin mota tana share ido da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana riƙe da tef ɗin awo. Tía Eufemia ta gani, ta kawar da kai.

Gaskiya dai a faɗe ta, Rogelio ya yi aiki. Ya sa aka jona wuta da sunanta. Ya je gidan waya ya canza mata adireshi. Ya kafa akwatin wasiƙa a bakin titi, ya rubuta EUFEMIA CAVAZOS da farin fenti, da haruffan da direban tirela zai karanta yana gudu. Duk abin da zai nuna wa gwamnati akwai mutum a gidan ya yi shi tsaf. Abin da zai sa mutumin ya iya zama a ciki ne ya ce sai a hankali. Rufin yana yoyo ta wuri huɗu. Famfon rijiyar sai an yi masa magiya yake tarin ruwa mai tsatsa. Tagar ɗakin kwana kwali aka toshe ta da shi.

"Rufin nan fa, ɗana?"

"Haba Tía, wa zai gyara rufin da za a rushe? Ki sa bokiti."

Ta sa bokiti. Tireloli kuwa ba sa hutu, daga kan iyaka zuwa San Antonio, daga San Antonio zuwa kan iyaka. Duk wadda ta wuce sai gidan ya yi rawa, har kofuna suka koyi tafiya a kan kanta, kullum da safe ta mayar da su baya kafin su faɗo. Ba ta da mota, ba ta taɓa koyon tuƙi ba. Maƙwabcinta mafi kusa shanu ne.

Ranar da kwana casa'in suka cika ta ɗaure akwatinta, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta zauna a baranda tun hantsi. Rogelio ya iso da la'asar, ba da igiyar ɗaure kaya ba, da taswira. Ya baje ta a kan bonet. Layi uku ne a jiki, ja da shuɗi da kore.

"Kin ga jan nan? Shi ne namu, ta tsakiyar falonki ya bi. Shuɗin ta bayan gari yake zagayawa, Allah ya tsare mu da shi. Ba su zaɓa ba tukuna. Ki dage da addu'a a kan ja."

"Kwana casa'in ɗin fa?"

"Ai ba daga ranar da kika zo ake ƙirgawa ba. Baya-baya ake yi, daga ranar da takarda ta iso. In kika tashi yau ta zo gobe, mun yi aikin banza."

Nan ta gane kwanakin nata ba su da farko, ƙarshe kawai gare su, kuma ƙarshen yana hannun mutanen da ba su san tana duniya ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta shiga ta kwance akwatin, ta dafa masa kofi.

Daga nan uzuri ya riƙa zuwa mata sabo-sabo. Da farko an tsayar da komai ana binciken wata kyanwar daji da aka ce hanyar za ta raba ta da danginta. Tía Eufemia ta ce kyanwar ta yi sa'a, har mutum shida aka turo su duba lafiyarta. Bayan wata takwas aka zaɓi jan layi, Rogelio ya zo yana ta danna hon tun daga nesa. Sai kuma aka ce hanyar tana cikin tsari amma ba ta cikin kasafi. Jiha tana jiran kuɗin tarayya, tarayya tana jiran jiha ta ajiye nata kason, jiha ta ce gunduma ta fara, mutanen gunduma suka je rumfar zaɓe suka ƙi ƙarin haraji. Rogelio ya haddace duk wannan, yana zuba shi tiryan-tiryan kamar shi ne injiniyan. Babu taron hanya da ya taɓa wuce shi. Ziyarar gwaggonsa ce ta tashi daga kowace Lahadi ta koma bayan mako biyu, ta koma ƙarshen wata, ya sauke buhun wake da gari da allura, ya bar injin motar a kunne.

Wata rana Doña Chelo, ƙawarta ta ƙungiyar matan coci, ta kira ta a waya.

"Ke Femia, wane irin taurin kai ne wannan? Noemí ta ce sun yi sun yi ki dawo kin ƙi, wai ke gona ta shiga ranki. Tamalen Kirsimeti ma, alalen masarar nan da kike haɗa mana, bana ba su yi daɗi ba."

Tía Eufemia ta dubi bokitin tsakar ɗaki. Ta buɗe baki, sai ta tuna sunan Cavazos nata ne ita ma.

"Haka ne, Chelo. Iskar nan tana yi mini kyau."

A bazara ta biyu, tana zuwa duba akwatin wasiƙa, ƙayar itacen meskit ta huda silifas ɗinta ta shige tafin ƙafarta ta hagu. Mai ciwon sukari ba ya jin irin wannan, sai bayan kwana biyu ta ga jini a zanin gado. Ta kira Rogelio.

"Ki jiƙa ta a ruwan ɗumi da gishiri, Tía."

"Na yi. Ta kumbura. Asibiti sun ba ni ranar Alhamis."

"Alhamis? Kash! Ranar ce kwamitin kuɗi zai zauna, in ba a ga fuskata ba sai su ba wa yankin kudu. Bari su sake miki rana."

Sau uku ana sake rana. A na huɗu Noemí ta zo ta kai ta. Likita ya duba ƙafar, ya ɗaga kai ya dubi Noemí, ya ce kullum a wanke a canza bandeji, kuma kada ta taka. A hanyar dawowa suka biya ta gida. Tía Eufemia ta ɗingisa ta leƙa ɗakinta. Madubi ne bango guda, da teburi cike da kwalaben jan farce, da kujerar da ake kishingiɗar da mata a wanke musu ƙafa.

"'Yata, in kwana nan ko a falo ne, har ƙafar ta kama. Can ba mai ɗebo mini ruwa."

"Wayyo Tía, in da ta ni ce ai yau ma kin dawo. Amma masu awo suna yawo kwanakin nan. In suka ƙwanƙwasa ba kowa fa? Shekara biyu ta tafi a banza ke nan. Ke ma ba za ki so a ce ke kika jawo ba."

Kafin rana ta faɗi an mayar da ita, da leda cike da bandeji da kwanon menudo, miyar tumbi. Ta riƙa wanke ƙafar da ruwan tsatsa, tana taka ta zuwa famfo, don ba wata ƙafar aro a gidan. Ciwon ya rufe ya buɗe, ya rufe ya buɗe. Masu awon ba su zo ba sai bayan wata bakwai, kuma ba su ƙwanƙwasa ba, turaku suka kafa suka tafi.

A shekara ta uku kuɗi ya sauka. Rogelio ya faɗo ɗakin yana haki, ya ce ranar Talata za a yi taron jin ra'ayin jama'a na ƙarshe a zauren wasanni na sakandare. Ka'idar taron kowa ya san ta: ka cike kati, a kira sunanka, a ba ka minti uku, ba mai katse ka, wata mata tana gefe tana buga duk abin da ka faɗa ya shiga kundin gwamnati.

"Na cike miki kati. Ki gaya musu nan kike dare da rana. Ki ce ba ki da wani wurin zuwa. Ki nuna wahala, Tía, kada ki rage komai. In kuka ya zo ki bar shi ya zo."

"Kada in rage komai?"

"Ko ƙwaya ɗaya. Gwargwadon wahala, gwargwadon abin da za su saki." Ya yatsina hanci. "Warin mene ne wannan? Ɓera ya mutu ne?"

"Ƙafata ce."

Ya dubi bandejin. Ta zuba masa ido tana jira, da sauran tsammani a zuciyarta.

"Yawwa," in ji shi. "Ita ma ki faɗa."

A nan ne wani abu ya mutu mata game da yaron da ta goya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ya zo da wuri ranar Talata, tana so ta samu kujerar gaba.

Ƙarfe biyar na yamma zauren ya cika, don a San Gervasio taron hanya ya fi bikin aure jan jama'a. Manoma sun yi magana a kan hanyar da shanunsu za su tsallaka, mai gidan mai ya yi magana a kan inda za a sa gada. Sai aka kira Eufemia Cavazos. Ta taso tana dogara sanda, aka sauke mata makirfo daidai bakinta.

"Barkanku da yamma. Ni ce mai gidan kankana. Shekara uku ina can saura wata biyu, dare da rana, ban taɓa kwana a wani wuri ba. Ɗana Rogelio ne ya kai ni, ga shi can mai farar hula. Tashi su gan ka, ɗana."

Rogelio ya tashi, ya ɗaga hula, ya yi murmushi ko ta ina.

"Yaro ne mai tsare doka. Ya ce sai da mutum a gidan za ku ƙara kuɗi, kuma a gidansa ni ce aka gama da ni. Rufin yana yoyo ta wuri huɗu, bana ya zama shida. Ya ce ba a gyara abin da za a rushe. Ruwan famfon ja ne. Ya ce in gaya muku ba ni da wurin zuwa, kuma gaskiya ne, ɗakina yanzu farce ake yankewa a ciki."

Murmushin ya fara bushewa a fuskar Rogelio. Ya laluba kujera ya zauna.

"Ke mai bugawa, akwai gyara ɗaya, kada ya ɓata mana takarda. Matarsa ta gaya wa mutanen coci ni na ƙi dawowa. Ki rubuta ba haka ba ne. Na roƙa har na gaji, da ciwo ma na roƙi falo aka ce masu awo za su zo. Chelo, ki yafe mini, na yi miki ƙarya." Ta jingina da teburi, ta sunkuya ta fara warware bandejin. "Ya ce in faɗi wannan ma. Ni dai ban iya bayaninta ba, gara ku gani."

Na kujerun gaba suka ja da baya. Wata mata ta yi alamar gicciye. Mai bugawar ta tsaya, ta duba, ta ci gaba da bugawa. Lokacin da ƙararrawar minti uku ta kaɗa, Tía Eufemia ta juya wajen ɗan ɗan'uwanta ta tambaye shi da ƙarfi ko ta rage wani abu.

Da aka tashi, Rogelio ya nufi ƙofar baya, sai ya tarar Doña Chelo da matan coci takwas sun riga shi. Ta cikinsu wata jami'a ta ratso da fayil a hannu, ta ce ita ce Mis Tamez, mai kula da waɗanda aikin zai tasa.

"Kai ne mai gidan? Ina bukatar sa hannunka cewa abin da ta faɗa haka yake. In ba haka ba ne ka faɗa yanzu, sai a rubuta gidan kango."

Ya dubi matan, ya dubi takardar. Ya sake duban matan. Mutum ne da ya yi shekara uku yana jiran wannan takarda, ba zai bar ta saboda idon tsofaffi tara ba. Ya karɓi biro ya sa hannu, har da ƙawata shi.

"To, cakin yaushe zan zo in karɓa?"

"Wane caki? Kuɗin filin za a raba muku ku magada. Kuɗin tashi na wanda aka tasa ne, Mista Cavazos. Nata ne. Haya za a biya mata da shi, a gidan da ni na duba na tabbatar mutum zai iya zama."

Rogelio ya waiga yana neman mai askin, wanda ɗazu yake zaune kusa da shi. Kujerar babu kowa.

Daga zauren Doña Chelo ba ta kai ta ko'ina ba sai asibiti. An makara. Bayan kwana uku aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan ya ce da an kawo ta bara da ɗan yatsa kawai za ta rasa, kuma wannan maganar ta fi wuƙar yi mata ciwo. Garin ya yi ta dariyar Rogelio har wata guda, ana ce masa lauya in ya wuce. Dariyar ta yi daɗi, amma ba ta tsirar da ƙafa ba.

An sama mata ɗaki biyu a ƙasan bene bayan coci, da na'urar sanyaya ɗaki, da ƙofa mai faɗin keken guragu. Tana da mako uku a ciki Rogelio ya ƙwanƙwasa, hula a hannu, da ledar burodi mai zaƙi irin wanda take so. Ya yaba labule, ya yaba fenti. Sannan ya jawo kujera kusa da ita.

"Tía, abin da ya wuce ya wuce. Mu jini ɗaya ne. Bai dace ki zauna cikin baƙi ba, mutane suna magana. Noemí ta kwashe kayan farcenta, ɗakinki yana nan. Na kuma bincika, doka ba ta hana ki kama haya a wurin dangi ba. Maimakon kuɗin ya tafi aljihun wani, ai gara ya tsaya a gida."

Ta gutsiri burodin, ta tauna a hankali.

"Wato in kama hayar ɗakina."

"A takarda kawai, Tía."

"Na tambayi Mis Tamez, in za ta duba gida me take dubawa. Ta ce rufi da ruwa da wuta. Na ce mutanen gidan fa? Ta ce ba ya cikin aikinta. Na ce to wannan ni zan duba da kaina. Na duba, ɗana. Gidanku bai ci ba."

Ya buɗe baki zai kawo sabon bayani, ta ɗaga masa hannu.

"Amma ba za ka tafi haka ba, ka sha wahala a kan hanyar nan. Ga jaka can bayan ƙofa, na ware maka rabonka."

Ya tashi da sauri fiye da yadda ya kamata. Ya buɗe jakar. Takalma ne guda biyar, na coci da na kasuwa da silifas, an goge su tas, duk na ƙafar hagu.

"In ka fita ka ja mini ƙofar," in ji ta. "Sanyin yana fita."